Stefan Löfven: yadda mai walda ya riƙe Suwidin shekara bakwai ba tare da rinjaye ba

Ranar 7 ga Yulin 2021 majalisar dokokin Suwidin ta kaɗa ƙuri'a a kan Stefan Löfven. 'Yan majalisa 116 suka amince da shi, 173 suka ƙi, 60 suka ƙaurace. Sai kakakin majalisa ya sanar cewa Löfven ya zama firaminista. Wanda ya saba da tsarin shugaban ƙasa irin na Najeriya zai ce an yi kuskuren lissafi, tunda masu ƙi sun fi masu so da kusan sittin. Babu kuskure. Dokar ƙasar ce haka, kuma duk siyasar Löfven daga 2014 zuwa 2021 a kan wannan doka ta tsaya.

Majalisar Suwidin, wadda suke kira Riksdag, zaure ɗaya ce mai kujeru 349. Sarki ba shi da ta cewa wajen naɗa gwamnati tun 1975. Kakaki ne ke kiran shugabannin jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya, ya ji ta bakinsu, sannan ya gabatar da sunan mutum guda. Kowane ɗan majalisa na da maɓalli uku a gabansa: kore na amincewa, ja na ƙi, rawaya na ƙauracewa. Wanda aka gabatar ba ya buƙatar kore ko ɗaya. Abin da yake buƙata shi ne kada ja ya kai 175, wato fiye da rabin majalisar. Rawaya kuwa a aikace goyon baya ne, sai dai goyon bayan da mai shi zai iya musantawa gaban magoya bayansa. Kakaki na da damar gabatar da suna sau huɗu. In duk huɗun sun faɗi, dole a koma zaɓe cikin wata uku.

Wannan ƙofa mai faɗi ce, amma a bayanta akwai wata ƙarama. Kasafin kuɗi ba ya wucewa da rawaya. Tun gyaran da aka yi a tsakiyar shekarun 1990, majalisa na yanke hukunci kan kasafin a dunƙule: jimillar kuɗin shiga da rufin kashewa na fannoni 27. Kowace jam'iyyar adawa na iya kawo nata kasafin, a riƙa gwada su da juna har a bar guda, shi kuma ya fuskanci na gwamnati. Wanda ya fi ƙuri'a shi ne doka. Don haka mutum na iya zama firaminista da yardar waɗanda ba sa son sa, ya wayi gari yana mulki da kasafin abokan hamayyarsa. Tsakanin waɗannan ƙofofi biyu Löfven ya shafe shekara bakwai.

Asalinsa ba na majalisa ba ne. An haife shi a 1957, ya tashi a hannun iyayen riƙo a yankin Sollefteå da ke arewacin ƙasar. A 1979 ya fara aikin walda a masana'antar Hägglunds a Örnsköldsvik, ya zama wakilin ma'aikata, ya hau matakan ƙungiyar ƙwadago har ya shugabanci IF Metall, ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe da masana'antu, tun kafuwarta a 2006. Abin da ya fi nuna halinsa a wancan zamani shi ne yarjejeniyar da ya sa wa hannu a 2009, lokacin da rikicin tattalin arziƙin duniya ya tsayar da masana'antun mota. Ya yarda kamfanoni su rage wa ma'aikata sa'o'in aiki da albashi, muddin albashin bai yi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari ba, don a kauce wa sallama. Wasu ƙungiyoyin ƙwadago sun zarge shi da buɗe ƙofar rage albashi. Shi kuwa lissafinsa a fili yake: a ba da wani abu yau don masana'anta ta kasance a buɗe gobe. Da wannan tunani ya shiga siyasa.

Shigarsa ma ta larura ce. Jam'iyyar Soshal Dimokurat, wadda ta mulki ƙasar kusan ba yankewa daga 1932 zuwa 1976, wadda ta samu fiye da kashi 50 a zaɓen 1968 ƙarƙashin Tage Erlander, ta sauko zuwa kashi 30.7 a 2010. Shugaban da ta naɗa bayan nan, Håkan Juholt, bai cika shekara ba ya sauka cikin rikici. A Janairun 2012 jam'iyya ta nemi wanda ba ya cikin ɓangarorin da ke faɗa da juna, sai ta ɗauko Löfven. Ba shi da kujera a majalisa, saboda haka shekara biyu da rabi yana jagorantar adawa ba tare da damar tsayawa muhawara a zauren ba.

Zaɓen Satumbar 2014 ya ba jam'iyyarsa kashi 31, kujeru 113. Masu fafutukar kare muhalli suka samu 25, jam'iyyar Hagu 21. Jimilla 159. Ƙawancen jam'iyyu huɗu na dama, wanda ya yi mulki shekara takwas ƙarƙashin Fredrik Reinfeldt, ya samu 141. Ragowar 49 suka tafi ga SD, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi wadda ta faro daga ƙungiyoyin masu fifita farar fata, wadda a lokacin babu mai yarda ya zauna teburi ɗaya da ita. Löfven ya kafa gwamnati da masu kare muhalli kaɗai, kujeru 138, ya bar Hagu a waje don kada ya tsorata jam'iyyun tsakiya da yake zawarci. Ya wuce cikin sauƙi domin ƙawancen dama ya danna rawaya.

Wata biyu bayan nan ƙaramar ƙofa ta rufe. Al'adar majalisa ita ce, in kasafin jam'iyya ya faɗi a zagayen farko, sai ta ƙaurace a zagayen ƙarshe. Al'ada ce kawai, ba doka ba. Ranar 3 ga Disamba SD ta karya ta, ta zaɓi kasafin ƙawancen dama, ya wuce da 182 a kan 153. Löfven ya ce za a sake zaɓe ranar 22 ga Maris 2015. Sai dai tsarin mulki ya hana gwamnati kiran zaɓen gaba da wa'adi kafin wata uku da zaman farko na sabuwar majalisa, don haka bai iya sa hannu a hukumance ba sai ƙarshen Disamba. Waɗannan makonni ne suka ba da sararin ciniki. Ranar 27 ga Disamba jam'iyyu shida, biyu na gwamnati da huɗu na ƙawancen dama, suka sanar da yarjejeniya: ɓangaren da ya fi girma ya kafa gwamnati, ɗaya ɓangaren kuma ya bar masa kasafinsa ya wuce, har zuwa 2022. Aka soke zaɓen.

A takarda dabara ce mai kyau, domin ta mai da kujeru 49 na SD kamar babu su. A siyasa kuwa ta zo da illa biyu. Magoya bayan dama sun ga shugabanninsu na zura ido ana wuce da ƙarin haraji alhali akwai ƙuri'un hana shi. SD kuma ta samu abin da take so, wato ta ce ita kaɗai ce adawa, sauran duk bakinsu ɗaya. A Oktoban 2015 babban taron jam'iyyar Kiristoci 'yan Dimokuraɗiyya, ɗaya daga cikin jam'iyyun ƙawancen dama, ya yi watsi da yarjejeniyar, sauran suka bi. Duk da haka ruhinta ya rayu, don jam'iyyun dama sun ci gaba da kawo kasafi daban-daban maimakon guda ɗaya, kuma babu ɗayansu da ya kai ƙuri'un gwamnati da Hagu. Sun san abin da suke yi. Ba su shirya karɓar mulki da hannun SD ba tukuna.

A wannan kakar ce matsalar 'yan gudun hijira ta faɗo. Ranar 6 ga Satumbar 2015 Löfven ya tsaya gaban taron jama'a a Stockholm ya ce Turai da ya sani ba ta gina katanga. A shekarar mutum kusan 163,000 suka nemi mafaka a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan goma ba, akasari daga Siriya, Afganistan da Iraƙi. Fiye da 35,000 daga cikinsu yara ne da suka zo ba tare da iyaye ba. Nauyin bai tsaya kan hukumar shige da fice ba. A Suwidin ƙananan hukumomi 290 ne ke riƙe da makarantu da walwalar jama'a, kuma kowane yaro da ya zo shi kaɗai doka ta ce a samar masa masauki, mai kula da shi da gurbi a makaranta. Da masu shigowa suka kai kusan dubu goma a mako, masauki ya ƙare. Ranar 24 ga Nuwamba Löfven ya fito da mataimakiyarsa Åsa Romson, shugabar masu kare muhalli, suka sanar da sauyin manufa, ita kuwa kuka ya ci ƙarfinta gaban 'yan jarida. Daga 4 ga Janairun 2016 aka fara duba takardun shaida ga masu tsallakowa daga Denmak. Dokar wucin gadi ta Yulin 2016 ta maye gurbin izinin zama na dindindin da na shekara uku ga waɗanda aka tabbatar 'yan gudun hijira ne, wata 13 ga sauran masu buƙatar kariya, ta kuma tsaurara sharaɗin kawo iyali. Masu neman mafaka suka sauko zuwa kusan 29,000 a 2016, kodayake rufe hanyar ƙasashen Balkan da 'yan gudun hijira ke bi zuwa arewacin Turai, da yarjejeniyar Tarayyar Turai da Turkiyya sun taka rawa babba a raguwar.

Tsakanin jawabin katanga da sanarwar Nuwamba mako goma sha ɗaya ne kacal. Masu sukar sa daga hagu sun kira abin cin amana, na dama suka ce ya makara. Abin da ya tabbata shi ne daga nan jam'iyyarsa ba ta sake komawa tsohuwar manufa ba, kuma duk da haka ba ta dawo da ma'aikatan da suka koma SD ba.

Zaɓen 9 ga Satumbar 2018 ya fito da lissafin da ya fi kowane wuya. Soshal Dimokurat kashi 28.3, kujeru 100, mafi ƙanƙanta cikin fiye da shekara ɗari. Ɓangaren hagu gaba ɗaya 144, ƙawancen dama 143, SD 62. Dokar da ta fara aiki a 2011 ta wajabta wa firaminista mai ci fuskantar ƙuri'a bayan kowane zaɓe, kuma ranar 25 ga Satumba aka sauke Löfven da 204 a kan 142. Ya ci gaba da riƙon ƙwarya. Ulf Kristersson na jam'iyyar Moderat, babbar jam'iyyar ƙawancen dama, ya gwada a Nuwamba, ya faɗi da 195 a kan 154, domin ƙawayensa biyu, jam'iyyar Tsakiya ta Annie Lööf da Liberal ta Jan Björklund, sun ƙi gwamnatin da za ta dogara da SD. Löfven ya gwada a Disamba, shi ma ya faɗi. A wannan watan kuma majalisa ta zartar da kasafin Moderat da Kiristoci. Saura dama biyu a hannun kakaki Andreas Norlén.

Nan tsohon ɗan ƙwadago ya yi abin da ya iya. Ya gane cewa Tsakiya da Liberal ba su da wurin zuwa: ba za su iya zama da SD ba, kuma Liberal na tsoron sabon zaɓe don tana dab da faɗawa ƙasa da kashi 4 da ake buƙata kafin shiga majalisa. Amma su ma sun san shi ba shi da wata hanya. Sakamakon shi ne yarjejeniyar Janairun 2019 mai sharuɗɗa 73. Ranar 18 ga wata aka zaɓe shi da kore 115, ja 153, rawaya 77, fiye da wata huɗu bayan zaɓe.

Farashin ya yi tsada. An soke ƙarin harajin kashi 5 da ake ɗora wa masu samun fiye da kusan krona 700,000 a shekara, harajin da gwamnatin Soshal Dimokurat ce ta kawo shi a 1995. An yarda a miƙa babban ɓangaren aikin hukumar samar da aiki ga kamfanoni masu zaman kansu. An yarda a sassauta dokar kare ma'aikaci daga sallama. Sharaɗi na 44 ya ce a bar masu gidaje su yanke kuɗin haya da kansu a sabbin gine-gine. Sannan aka rubuta ƙarara cewa jam'iyyar Hagu ba za ta samu ta cewa a alƙiblar gwamnati ba. Matsalar a nan take. Jam'iyyu huɗun da suka sa hannu kujerunsu 167 ne. Ba tare da rawayan Hagu ba, ja zai kai 175. Wato an gina gwamnati a kan ƙuri'ar jam'iyyar da aka rubuta cewa ba ta da daraja. Shugabanta na lokacin, Jonas Sjöstedt, ya haɗiye, amma ya gindaya sharaɗi biyu a bainar jama'a: in aka taɓa dokar sallama ko kuɗin haya, Hagu za ta kayar da gwamnati.

Dubarar Löfven ita ce jinkiri. Kowane sharaɗi mai zafi sai a kafa masa kwamitin bincike, kwamiti ya ɗauki shekara ɗaya ko biyu, kafin nan wataƙila yanayi ya sauya. A kan dokar sallama dubarar ta ci. Tsohuwar ƙa'ida ita ce in kamfani zai rage ma'aikata, wanda ya shigo ƙarshe shi ne zai fara fita, kuma ƙananan kamfanoni masu ma'aikata goma ko ƙasa da haka ne kaɗai ke iya tsame mutum biyu daga wannan layi. Löfven ya ce wa ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kamfanoni su sasanta da kansu, in ba haka ba shawarar kwamiti ta zama doka. Tattaunawa ta rushe fiye da sau ɗaya. A Disambar 2020 tsohuwar ƙungiyarsa IF Metall da Kommunal, ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, suka balle daga matsayin uwar ƙungiya LO suka shiga yarjejeniyar da ma'aikatan ofis suka riga suka ƙulla. Kowane kamfani ya samu damar tsame mutum uku, ma'aikata kuma suka samu sabon tallafin komawa karatu a tsakiyar rayuwar aiki. Da yake manyan ƙungiyoyin ƙwadago biyu ne suka sa hannu, Hagu ta rasa hujjar kayar da gwamnati a kai.

Kuɗin haya daban ne. A Suwidin ba mai gida ne ke yanke haya shi kaɗai ba. Ƙungiyar 'yan haya ta ƙasa ce ke zama da masu gidaje kowace shekara, a auna gida bisa girmansa, ingancinsa da wurin da yake, ba bisa abin da kasuwa za ta iya biya ba. Tsarin na sa haya ta yi sauƙi ga wanda ya riga ya samu gida, amma layin jira a tsakiyar Stockholm kan wuce shekara goma. Jam'iyyar Tsakiya ta ce sakin farashi a sabbin gidaje zai ƙarfafa gini. Hagu ta ce da zarar an buɗe wannan kafa, sauran gidajen za su bi. Kwamiti ya miƙa rahotonsa farkon Yunin 2021. Sabuwar shugabar Hagu, Nooshi Dadgostar, ta ba gwamnati sa'a 48 ranar 15 ga Yuni. Gwamnati ta ɗauka barazana ce kawai, bisa tunanin cewa Hagu ba za ta taɓa danna maɓalli ɗaya da SD ba. Wannan shi ne kuskuren lissafi mafi girma a zamanin Löfven, kuma ya samo asali ne daga shekaru da dama da jam'iyyarsa ta saba samun ƙuri'un Hagu kyauta.

Akwai wani abu a ƙa'idar majalisa da ya ƙara wa lamarin ɗaci. Gabatar da ƙudurin yanke ƙauna na buƙatar sa hannun kashi ɗaya cikin goma na majalisa, mutum 35. Hagu ba ta da su. SD ce ta gabatar, Moderat da Kiristoci suka mara mata baya, duk da cewa su masu son sakin kuɗin haya ne. Tayin da Löfven ya yi a ranar ƙarshe, na miƙa batun ga ƙungiyar 'yan haya da masu gidaje su tattauna, kwafin dubarar dokar sallama ne, amma Hagu ta ƙi domin barazanar doka na nan a bayansa. Ranar 21 ga Yuni 'yan majalisa 181 suka yanke ƙauna. Shi ne firaministan Suwidin na farko da ya faɗi ta wannan hanya.

Doka ta ba shi mako ɗaya ya zaɓa: ya kira zaɓe ko ya yi murabus. Zaɓen gaba da wa'adi a Suwidin ba ya sabunta wa'adi, wato ko an yi shi, na Satumbar 2022 na nan daram, shi ya sa rabon ƙasar da irinsa tun 1958. Ya yi murabus ranar 28 ga Yuni. Kakaki ya ba Kristersson dama, ya lissafa ya ga 175 za su ƙi shi, ya janye. Tsakiya ta ajiye sharaɗi na 44, Liberal ta koma dama, Löfven ya dawo da tazarar ƙuri'a biyu.

Annobar korona, wadda ta sa duniya ta zuba wa Suwidin ido, ba ta taɓa kujerarsa sosai ba. Tsarin mulkin ƙasar ya hana minista tsoma baki a hukuncin yau da kullum na hukumomin gwamnati, shi ya sa fuskar annobar ta zama Anders Tegnell na hukumar lafiyar jama'a. Ba a kulle gari ba, makarantun firamare sun ci gaba da aiki. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce a Disambar 2020 an gaza kare tsofaffi a gidajen kula da su, kuma ya ɗora babban alhakin kan gwamnati mai ci da waɗanda suka gabace ta.

In za a yi wa Löfven adalci, ya cimma abin da ya sa a gaba: ya raba ƙawancen dama da ya kayar da jam'iyyarsa sau biyu, ya hana SD kusantar mulki har wa'adi biyu. Abin da ya yi alƙawari a kan aiki kuwa, cewa zuwa 2020 Suwidin za ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai ƙarancin marasa aiki, bai tabbata ba, domin a shekarar ƙasar na sama da matsakaicin Tarayyar. Harbe-harben gungun 'yan daba a unguwannin bayan gari sun ƙaru a zamaninsa, suka zama babban makamin adawa. Raba ƙawancen kuma ya haifar da abin da ake gudu, domin Moderat da Kiristoci, da suka rasa ƙawayensu na tsakiya, sun fara zama da SD a fili tun 2019.

A Agustan 2021 ya sanar zai sauka, ya miƙa wa ministar kuɗinsa Magdalena Andersson jam'iyya a Nuwamba. Ta gaji rikicin da bai warware ba: Hagu na son a tattauna kasafi da ita, Tsakiya ta ce in an yi haka ba ruwanta. Andersson ta sasanta da Hagu kan ƙarin kuɗin fansho, majalisa ta zaɓe ta da safiyar 24 ga Nuwamba da ja 174. Da yamma Tsakiya ta ƙi goyon bayan kasafinta, na Moderat da Kiristoci da SD ya wuce da 154 a kan 143, masu kare muhalli suka fice daga gwamnati, ita kuma ta yi murabus bayan kusan sa'a bakwai. Aka sake zaɓenta ranar 29 ga wata a kan gwamnatin jam'iyya ɗaya mai kujeru 100. A zaɓen 2022 Soshal Dimokurat ta ƙaru zuwa kashi 30.3, amma SD ta zama ta biyu da kujeru 73, Kristersson ya kafa gwamnati bisa rubutacciyar yarjejeniya da ita.